Kurakuran da muke tafkawa wajen auna tsayuwar masu ciwon jijiya da ƙwaƙwalwa

Satin da ya wuce aka kawo min wani dattijo daga Rigasa, shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi wata huɗu da suka wuce, ɗansa ya miƙo min takardar da aka rubuto daga inda suka fara zuwa gashi, na buɗe ina neman inda aka auna tsayuwarsa sai na tarar da kalma ɗaya tal, wai "matsakaici". Shikenan. Matsakaici da me? A tsaye ko a zaune, da sanda ko babu, ido buɗe ko rufe, sakan nawa ya yi, waye ya riƙe shi? Babu ko ɗaya. Toh ni yanzu in na auna shi yau da me zan gwada in ce ya samu sauƙi ko ya koma baya? Wannan ne ya sa na ce bari in zauna in rubuta abubuwan da nake gani kullum a hannun ɗalibai da sababbin ma'aikata, har da mu da muka daɗe, don ni ma wallahi akwai waɗanda na yi shekaru ina yi kafin in gane.

Na farko dai shi ne wannan awon ido. A kalli marar lafiya ya miƙe, a ce yana da kyau, ko da dama-dama, ko babu kyau. Abin da ni zan kira da dama-dama wata abokiyar aikina za ta kira shi babu kyau, kuma dukkanmu ba wanda ya yi ƙarya. Alhali ma'aunan nan suna nan kyauta, ba sa buƙatar wata na'ura. Ma'aunin Berg, wanda Katherine Berg ta ƙasar Kanada ta fitar a 1989, abubuwa 14 ne, kowanne maki 0 zuwa 4, jimla 56, kuma kayan aikinsa kujera biyu ne, ɗaya mai hannu ɗaya marar hannu, da rula, da agogon waya, da ɗan matakala, da takalmi ɗaya da za a ajiye a ƙasa a ce ya ɗauko. Minti 15 zuwa 20 ya ishe ka. Na san amsar da za a ba ni, layi ya yi tsawo, mutum 30 na jira a benci kuma ku biyu ne a sashen. Gaskiya ne. Amma ko minti 20 ba ka da shi ai kana da minti 2 na tashi-ka-je-ka-dawo, wanda zan zo kansa, ka rubuta lamba ɗaya da wani zai iya maimaitawa bayanka.

Sai gwajin Romberg, wanda ina jin babu gwajin da aka fi yi masa mummunar fahimta kamarsa. Ɗalibi zai tsayar da marar lafiya, ƙafa a haɗe, mutumin tun ido a buɗe yake tangal-tangal kamar zai kife, sai ya ce masa rufe ido, ya ƙara tangaɗi, sai ya rubuta Romberg ya nuna, matsalar ƙaramar ƙwaƙwalwa ce ta ƙeya. Kuskure biyu a layi ɗaya. Shi Moritz Romberg likitan Jamus ne, a shekarun 1840 ya bayyana alamar a jikin masu ciwon tunjere da ya ci musu laka ta baya, wato hanyar da ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin inda ƙafa take. Tsayuwa abu uku ne ke riƙe da ita, ido, da cikin kunne, da wannan jin da gaɓoɓi da tafin ƙafa ke aikawa sama. In biyu na aiki mutum zai iya tsayawa. Wanda jin ƙafarsa ya mutu yana cin bashi ne a wurin ido, da ka karɓe idon sai asiri ya tonu. Don haka sharaɗin gwajin shi ne mutum ya iya tsayawa ƙyam da ido buɗe tukuna, sannan in ya rufe ya tafi zai faɗi ko ya ɗaga ƙafa ya tare. Wanda tun ido a buɗe bai tsayu ba, ba ka da damar cewa Romberg ya nuna, rubuta abin da ka gani kawai, ya kasa tsayawa ƙafa a haɗe ido a buɗe, kuma wannan shi ne ya fi kama da na ƙaramar ƙwaƙwalwa. Sannan ɗan lilo kaɗan in an rufe ido kowa na yi, ni da kai ma muna yi, ba shi ake nufi ba.

Kuma in ya nuna ɗin kar ka tsaya nan. A garin nan yawancin waɗanda na gani da haka masu ciwon suga ne da ya ci jijiyar ƙafa, sai masu ƙarancin bitamin B12, sai masu matsalar cikin kunne. Cire masa takalmi ka duba jin ƙafar, ka motsa babban yatsa sama da ƙasa idonsa a rufe ya gaya maka ina ya nufa, in kuna da ƙarfen nan mai rawa da ake gwada jin jijiya da shi, mai lamba 128, ka ɗora a idon sawu. Wanda yake cewa ɗaki na juya masa in ya juya a kan gado ko ya ɗago daga sujada, wannan hajijiya ce ta kunne mai yiwuwa, akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa a nan Kaduna, haka wanda yanar ido ta rufe masa gani akwai asibitin ido na ƙasa ta wajen Mando, ba komai ne za ka gyara da motsa jiki ba.

Yanzu maganar ƙafa. Wannan ƙaramin abu ne amma shi ke lalata lissafi fiye da komai. Yau ka auna Hajiya ƙafafunta a ware kamar faɗin kafaɗa, bayan sati biyu abokin aikinka ya auna ta ƙafa a haɗe, lamba ta faɗi, a ce ta koma baya, a tayar wa 'ya'yanta da hankali a banza. Ko akasin haka, a yi ta murna da sauƙin da babu shi. Ni abin da nake yi, ina shimfiɗa kwali ko farar takarda babba in zana sawun mutum da maka a ranar farko, in rubuta lambar katinsa a jiki, duk ranar da za a sake awo a kan wannan zanen zai tsaya. Sannan kana ganin ƙafar ma kuwa? Mace ta zo da zani har ƙasa da hijabi har ƙasa, namiji da babbar riga ko jallabiya, kai kana ta kallon kafaɗa alhali a ƙasa yatsu sun damƙe siminti, ko an ɗan ja ƙafa gefe an tare, ko gwiwar ɓarin da ya shanye ta kulle ta baya. Ki gaya mata tun ranar farko, Hajiya in za ki dawo ki sa wando a ciki don Allah, in ya so a ɗan naɗe zanin zuwa ƙauri, kuma in namiji ne mai awon a nemo mace ta tsaya ko ta yi da kanta. Ba a rasa yadda za a yi a kiyaye mutunci kuma a ga ƙafa.

Takalmi ma haka. Silifas ɗin wanka da ya siɗe daban, kufta daban, ƙafa ba takalmi daban, safa a kan tayil kuwa wannan neman magana ne. Zaɓi ɗaya ka rubuta, ka tsaya a kansa. In yana sa takalmin roba mai riƙe idon sawu saboda ƙafa na faɗuwa, rubuta da shi aka auna ko babu shi.

Wani abin da nake gani, kuma daga tausayi yake fitowa, shi ne riƙe marar lafiya ana cikin awo. Ɗan ya riƙe gefen riga, ko ma'aikaci ya ɗora yatsu biyu a kafaɗa wai don kar ya faɗi. Ko taɓa bango da ɗan yatsa ɗaya yana rage lilon jiki sosai, don ƙwaƙwalwa ta samu ƙarin labari daga hannu ke nan, toh ina ga an riƙe riga. Abin da ka auna tsayuwar mutum biyu ce. A ɗaya gefen kuma akwai masu ja da baya su tsaya can nesa da waya a hannu suna kallon sakan, mutum ya rufe ido babu kowa kusa da shi. Na taɓa ganin an kusa yin asara a haka, Allah ne ya kiyaye akwai gado a bayan matar. Tsaya dab da shi, ta ɓarin da ya fi rauni kuma ɗan baya kaɗan, hannuwanka a buɗe a zagaye da shi ba tare da ka taɓa ba, in akwai bel ɗin ɗaurawa a ƙugu a ɗaura, kujera a bayansa, agogon kuma ka ba wani ya riƙe. In ka taɓa shi don ya tafi, gwajin ya ƙare a wannan sakan ɗin, rubuta shi haka, kar ka ce ai kaɗan na taɓa.

Harshe kuma. Takardun nan da Turanci suke, kowa yana fassarawa a bakinsa yadda ya ga dama, kuma Hausa tana da nata tarkon. Ka ce wa Baba "tsaya", shin ya miƙe tsaye ne ko ya dakata? Na ga wanda aka ce masa tsaya yana shirin tashi sai ya koma ya zauna yana jira, agogo kuma na tafiya. Ka ce "miƙe" wani ya miƙo maka hannu. Ka ce "yi sauri" a gwajin da aka ce tafiyar da ya saba, ka canja gwajin gaba ɗaya. Ku zauna a sashenku ku rubuta jimlolin da Hausa sau ɗaya, a manna a bango, kowa ya riƙa faɗar su iri ɗaya. Misali, Baba in na ce "tashi", ka tashi ka taka yadda ka saba har ka wuce layin can, ka juyo ka dawo ka zauna. Sannan ka yi masa a gabansa ya gani. Mai shanyewar ɓarin dama sau da yawa magana ta taɓu, yana iya gyaɗa maka kai alhali bai fahimci rabin abin da ka ce ba, in ya kasa ba za ka san ƙafa ce ta kasa ko umarnin ne bai shiga ba. Mai shanyewar hagu kuma wani ya manta da hagunsa kwata-kwata, ka ajiye takalmi ta hagu ka ce ya ɗauko bai ma gan shi ba. Waɗannan duk a rubuta su kusa da makin.

Bari in zo kan tashi-ka-je-ka-dawo ɗin, wanda Podsiadlo da Richardson suka fitar a 1991. Mita 3 ne. Mita 3, ba taku uku ba, ba "daga nan zuwa ƙofa" ba. Sayi tef ɗin tela ka auna ka manna salatif a ƙasa ya zauna nan din-din-din. Kujera mai hannu, tsayin mazauninta wajen santimita 46, kuma ita ɗin dai kullum, don in yau kujerar ƙarfe ce gobe farar roba mai lanƙwashewa jibi kushin mai nutsewa, sakan uku ko huɗu na iya shiga tsakani daga kujera kawai. Agogo na farawa ne da ka ce tashi, ba lokacin da ya ɗaga daga kujera ba, sabida wahalar tashin tana cikin abin da ake aunawa, musamman masu ciwon Fakinsin, wato ciwon nan mai sa karkarwa da sandarewar jiki, kuma yana tsayawa ne in ya zauna. Ana ba shi gwaji ɗaya na koyo wanda ba a lissafawa. A nan an yarda ya riƙe sandarsa in da ita yake tafiya, a rubuta kawai, amma a Berg ba a riƙe sanda, mutane na haɗa dokokin biyu.

Irin wannan haɗe-haɗen na faruwa a miƙa hannu gaba. Gwajin da Pamela Duncan da abokan aikinta suka fitar a 1990 da dunƙulallen hannu ake yi, a auna daga ƙashin tushen yatsan tsakiya, shi kuwa na cikin Berg yatsu a miƙe ne a auna daga bakinsu, santimita 25 ne cikakken maki. Ka fara da dunƙule ka ƙare da buɗaɗɗen hannu, ka ba shi kyautar tsawon yatsa. Sannan ka lura da masu wayo, ba da gangan suke yi ba, jiki ne ke neman mafita, wani zai murɗa kafaɗa gaba, wani ya jingina da bangon da rular take, wani ya tura ɗuwawu baya ya lanƙwashe kamar mai ruku'u hannu ya yi nisa alhali nauyinsa bai matsa gaba ba ko kaɗan. In ya ɗaga ƙafa an soke, a sake.

Sai tsayuwa da ƙafa ɗaya da kuma ƙafa gaban ƙafa. In ka bar mai shanyewar ɓarin jiki ya zaɓa, da lafiyayyar zai tsaya, wa zai ƙi? Ya wuce sakan 10 ka ba shi maki 4 a Berg, alhali ɗayar ko sakan 1 ba za ta ɗauke shi ba, kuma tafiya ai kowane taku sai ƙafa ɗaya ta ɗauki jiki ita kaɗai. Auna duka biyun ka rubuta kowacce da sunanta. Ma'aunin Mini-BESTest na 2010, mai maki 28, shi dama cewa ya yi a gwada ɓangarorin biyu a ɗauki mafi rauni. Wata dabara mai araha, sikeli biyu irin na banɗaki iri ɗaya, ƙafa ɗaya a kan kowanne, nan take za ka ga mai kilo 70 ya ɗora 50 a lafiyayyar ya bar wa ɗayar 20, kuma shi kansa in ya ga allurar ya fi yarda da ita a kan bakinka. Ka dai fara hawa kowanne da kanka ka tabbatar suna faɗin abu ɗaya.

Maganar soso. Gwajin Shumway-Cook da Horak na 1986, a sigarsa da aka taƙaita, hali huɗu ne, ƙasa mai tauri ido buɗe, ido rufe, sannan kan soso ido buɗe, ido rufe, kowanne sakan 30. Amfanin soson shi ne ya rikita labarin da ke zuwa daga tafin ƙafa. Toh in guntun tsohuwar katifa ce da ta mutu, mutum na hawa ƙafarsa ta taɓa siminti, ba ka rikita komai ba. In kuma filo ne yau gobe katifar gadon gwaji, ba abu ɗaya kake aunawa ba. Nemi soso mai matsakaicin tauri, kaurin wajen santimita 10, a rubuta masa suna a ajiye don wannan aikin kaɗai, ba a zama a kai, ba a sallah a kai, in ya lotsa a canja.

Yanzu wanda ya fi ci min rai, bautar lamba 45. An ce wanda ya samu ƙasa da 45 a Berg yana cikin haɗarin faɗuwa, sai aka mayar da shi kamar makin cin jarrabawa, 46 ya tsallake 44 ya faɗi. Haka sakan 13.5 na tashi-ka-je-ka-dawo, wanda daga binciken tsofaffi masu zama a gidajensu a Amurka aka samo shi, ba masu shanyewar ɓarin jiki ba, ba masu Fakinsin ba. Mai ciwon Fakinsin zai iya samun 52 cikin 56 kuma ya faɗi sau uku a wata, don Berg ba ya auna tafiya, ba ya auna abin da jiki ke yi in an bangaje shi ba shiri, kuma ga mai ƙarfi-ƙarfi ma'aunin ya yi masa sauƙi, ya kai rufi, babu inda zai nuna. Irin wannan Mini-BESTest ya fi dacewa da shi. Can ƙasa kuma wanda sati ɗaya da shanyewar ɓarin jiki ko zama bai iya ba, Berg zai ba shi 2 ko 3 yau, bayan sati biyu 3 ko 4, a ce ba ya ci gaba alhali ya koyi juyawa a gado ya koyi tashi zaune. Shi ma'aunin PASS na 1999 aka yi dominsa, abubuwa 12 maki 36, tun daga kwance yake farawa. Zaɓen ma'auni kafin a fara shi ne rabin aikin.

Kuma ba kowane motsin lamba ne sauƙi ba. Daga 38 zuwa 40 na iya zama bambancin mai awo ne ko baccin da ya samu jiya. A masu shanyewar ɓarin jiki sai canjin Berg ya kai wajen maki 6 kafin ka bugi ƙirji ka ce na gaske ne. In kana shakka tsakanin maki biyu a abu ɗaya, ƙa'ida ta ce ka ba da na ƙasa. Mu kuwa tausayi ke sa mu ba da na sama, Mama ta yi ƙoƙari, 'yarta na tsaye tana kallonka, sai hannu ya rubuta 3 a inda 2 ne. Wannan kyautar makin ita ce za ta sa a sallame ta da wuri a ce ta iya shiga banɗaki ita kaɗai.

Tunda na ambaci Fakinsin bari in ɗan daɗe a nan. Gwajin fizga ta baya, kana tsaye a bayansa ka fizgo kafaɗunsa, yawancin mutane lallaɓawa suke yi, ɗan ja a hankali wanda ko yaro ba zai motsa ba, sai a rubuta lafiya. Dole fizgar ta kai ta raba shi da inda yake tsaye har sai ya ja ƙafa baya. Ka yi masa bayani tukuna, ka yi ta farko a hankali don ya san abin da ke zuwa, ba a lissafa ta, ta biyun ce ta gaske. Taku ɗaya ko biyu ya tsaya lafiya ne, uku zuwa sama akwai matsala. Kai kuma bango ya kasance a bayanka da ɗan tazara, mita 1 zuwa 2, don in ƙaton mutum ya taho muku tare za ku tafi. Sannan lokacin magani. Wanda ya sha lebodofa, maganin Fakinsin, awa ɗaya da ta wuce da wanda maganin ya sake shi yana jiran na gaba, kamar mutum biyu ne daban a jiki ɗaya. Ya fito daga Kawo tun bakwai, ya sha layin kati, ka gan shi sha biyu maganin ya gama aiki, wancan zuwan kuma tara ka gan shi. Tambaye shi ƙarfe nawa ya sha na ƙarshe, rubuta, ka yi ƙoƙari awo na gaba ya faɗo daidai wannan tazarar.

Ba su kaɗai ba ma. Magungunan farfaɗiya irin su fenitoyin da kabamazafin in sun yi yawa a jini suna sa tangaɗi, diyazefam da amitiriftilin suna sa jiki ya mutu, magungunan hawan jini na iya sa jini ya faɗi in an miƙe. Wannan na ƙarshen kullum ana tsallake shi. Mutum ya tashi ya ce ido ya yi duhu, jiri na ɗibarsa, kai ka rubuta tsayuwa babu kyau ka fara ba shi motsa jiki. Auna jininsa a kwance bayan ya huta, ka sake aunawa a tsaye cikin minti 3, in na sama ya sauka da 20 ko na ƙasa da 10, wannan magana ce ta likitan da ya rubuta maganin. A watan azumi da zafin Maris da Afrilu abin ya fi yawa, ga wanda ya fito bai karya ba kuma ya sha maganin suga. Kuma kar ka auna a ƙarshen zama bayan ka gama gajiyar da shi da motsa jiki minti 40, awo a farko ake yi.

Akwai wani binciken Suwidin na 1997 da ya nuna tsofaffin da ke dakatawa da tafiya in an yi musu magana sun fi faɗuwa daga baya, don ƙwaƙwalwar ba ta iya ɗaukar aiki biyu lokaci ɗaya. Abu ne mai amfani, amma a nan sai ka yi hankali, don Bahaushe in ka gaishe shi yana tafiya dama tsayawa zai yi ya amsa, ladabi ne. Ka ce Baba ina gajiya ya tsaya cak ya ce babu gajiya ya iyali, ba ciwo ba ne. Gaya masa tun farko ya ci gaba da tafiya yana amsawa. Ƙidaya baya da uku-uku da takardar gwajin ta ce kuma, ga wadda ba ta yi boko ba lissafi kake gwadawa, ni cewa nake ta lissafo min kayan miya ko sunayen unguwanni, ko in ba ta kofi cike da ruwa ta riƙe, in dai abin da na ba ta ranar farko shi zan sake ba ta.

Na bar tambayar faɗuwa a ƙarshe don ita aka fi yi a gurguje. Ka ce Mama kin taɓa faɗuwa, ta ce a'a Alhamdulillahi. Ka juya wajen 'yar sai ta ce ai ranar Talata a bakin banɗaki muka ɗaga ta. Mama ta ce wannan ai ba faɗuwa ba ce, santsi ne ya kwashe ni, na ɗan zauna ne. Wasu kunya ce, wasu tsoron kar a hana su fita ko a ɗora musu mai gadi. Don haka canja tambayar, a shekarar nan sau nawa kika tsinci kanki a ƙasa ba da niyya ba, ko zamewa ko tuntuɓe ko ƙafa ta saki? A ina, ƙarfe nawa, me kike yi? Amsar kusan kullum a wurare kaɗan take yawo, tsugunno a masai da tasowa, ɗaga ƙafa a wanke wajen alwala, sunkuyawa ɗaukar buta, ɗagowa daga ruku'u, tsallake dokin ƙofa ko kwata, da fitowar asuba an ɗauke wuta tsakar gida ba daidai ba. Ɗakin awonmu kuwa tayil ne sumul ga haske ga mutum biyu a gefe. Shi ya sa bayan na gama na takarda nake ajiye buta da ruwa a ƙasa in ce a ɗauko, in ce a gwada min ruku'u a ɗago, in rubuta su daban a ƙasan makin ba tare da na cusa su cikin jimlar ba, don in ka canja abubuwan cikin ma'auni ya daina zama Berg.

Shi dattijon Rigasa da na fara da shi, abin da ke cikin fayil ɗinsa yanzu ga shi: Berg 31 cikin 56, ƙarfe 9:30 na safe kafin motsa jiki, ba takalmi, a kan tayil, ƙafa a kan zanen kwali, ƙafar dama sakan 4 ta hagu 0, sikeli dama 44 hagu 21, tashi-ka-je-ka-dawo sakan 29 da sanda mai ƙafa huɗu a kujerar ƙarfe, jini bai sauka ba a tsaye, ya tsinci kansa a ƙasa sau biyu tun da aka sallamo shi, duka wajen alwalar asuba. Na ce wa ɗan ya samo masa kujera 'yar tsugunno mai ɗan tsayi ya riƙa alwala a zaune, a sa fitila mai caji a hanyar banɗaki, za mu sake awo bayan sati huɗu, ranar Laraba, ƙarfe tara da rabi.